Auren Kakanninmu a Ƙasar Lafiya: Abin da Littafin Coci Ya Tuna Mana

 Muna so a wannan fitowa mu taɓo wata magana da ta daɗe tana cin mu a rai. Maganar kuwa ita ce ta auren kakanninmu da suka sauka a nan Shabu da sauran garuruwan ƙasar Lafiya: wa suka aura, 'yar wace ce, daga wane gari, kuma ina za a sami shaidar haka yau da su da masu ɗaurin auren duk ƙasa ta rufe musu ido.

Abin da ya tayar da maganar

Kwanakin baya Allah Ya yi wa wani dattijo cikinmu rasuwa. Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga wasu mutane sun sauko daga mota, maza da mata, da ƙunshin doya da akuya. Suka gaisa da mu da Hausa, suka ce daga wani ƙauye suke can wajen duwatsun Eggon, kuma mahaifiyar marigayin yayar ubansu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Muka dubi juna. A cikin 'ya'ya da jikoki babu wanda ya san su. Ita tsohuwar da suke magana, duk unguwa "Iya" kawai muke ce mata har ta bar duniya. Sunan da aka raɗa mata bayan ta musulunta ma kaɗan ne suka riƙe, balle na gidan ubanta.

Abin da ya ƙara mana kunya shi ne, a daidai lokacin wani jikan marigayin yana ta faman neman takardar shaidar asali don shiga makaranta. Ya je wani ofishi a nan, aka ce masa ai kai Bakano ne, ka koma can. Ya tafi garin da aka ce kakan kakansa ya fito, aka ce ba a san gidansu ba. Yaro an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, an haifi kakansa a nan, amma ya zama kamar jemage, ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba. Alhali kuwa ga dangin jininsa zaune kan tabarma suna yi masa ta'aziyya, bai sani ba.

Yadda muka zo nan

Kafin a yi maganar aure sai a yi ta zuwa. Sanin kowa ne cewa fatauci ya kawo yawancin kakanninmu. Tun kafin Bature, fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suna gangarowa kudu da jakuna, suna kawo tufafi da kanwa da kayan ƙira, suna komawa da gishirin Awe da Keana da Azara. Farfesa Mahdi Adamu ya yi bayanin irin wannan yaɗuwa ta Hausawa a littafinsa da aka buga a 1978. Ita kanta Lafiya Barebari ne suka kafa ta wajen ƙarshen ƙarni na 18 a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce mata Lafiyan Barebari. Masu masaukinmu a nan Shabu kuwa, wato Gwandara, masu sarautar Sangari, tarihinsu na baka ya nuna daga Kano suka taso tun da daɗewa, kuma duk wanda ya saurari harshensu zai ji kamanninsa da namu.

Da aka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi da Lafiya ya haɗe da Kaduna wajen 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai zuwan ya ƙaru. Mahauta da teloli da dillalan doya da riɗi da malaman allo duk suka biyo. To, abin lura a nan shi ne, falke ba ya tafiya da iyali. Saurayi ne ko magidanci ya baro matarsa a gida da niyyar ya yi rani ya koma. Rani ya zama shekara, shekara ta zama goma. Daga nan sai ya nemi aure inda yake. Ta haka 'ya'yan Gwandara da Alago da Eggon da Migili da Barebari suka shigo gidajenmu, suka haifi iyayenmu. Idan yau aka tara mu aka ce duk wanda babu jinin ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu a jikinsa ya ɗaga hannu, ba mu zaton za a ga hannaye da yawa.

Me ya sa ba mu da shaida a rubuce?

Aurenmu a shari'a ba ya bukatar takarda kafin ya inganta. Kamar yadda muka karanta a Risala tun muna Islamiyya, abin da ake nema shi ne waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. A taru a zaure, wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a raba goro, a shafa fatiha, maroƙi ya sanar. Jama'ar da suka halarta su ne littafin. Wannan tsari ya wadatar matuƙar mutane suna zaune gari ɗaya, kowa ya san kowa. Amma shaida mutum ne, mutum kuwa mutuwa yake yi. Bayan shekara sittin ko saba'in babu ko ɗaya da zai ce na ga ranar.

Bugu da ƙari, al'adarmu ta kunya ta taimaka wajen ɓatar da sunaye. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, yaro kuma ba ya kiran sunan uwa ko kaka. Sai Inna, sai Goggo, sai Iya. Idan kuma matar ta musulunta ne wajen aure, an sake mata suna ta zama Hauwa ko Amina, to sunan yanka na gidansu ya tafi ke nan. Mu kuma maza in za mu jero asali sai mu ce wane ɗan wane ɗan wane, mu bi ta uba kaɗai, kamar daga sama uwayen suka faɗo.

Ba haka magabata suka koya mana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Sayyidina Umar ya kafa diwani ya sa aka rubuta mutane bisa danginsu. Littafin Tarihin Kano bai tsaya ga sunayen sarakuna ba, da yawansu har sunayen uwayensu ya kawo. Mu 'yan kasuwa kuwa, bashin buhu biyu na gero muna da littafinsa a shago, amma auren da ya haife mu ba mu da ko layi ɗaya.

Su kuma yadda suka yi

Maƙwabtanmu Kirista sun gaji wata hanya daban, kuma tana da dogon tarihi. A Ingila, tun 1538 wani babban wazirin sarki mai suna Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace coci ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A wajen 'yan Katolika kuma, babban taron malamansu da aka yi a garin Trento na ƙasar Italiya ya zartar a 1563 cewa aure ba ya ɗauruwa sai a gaban fada da shaidu, kuma dole fada ya shigar da sunayen ma'auratan da shaidun da ranar a littafi. A 1907 aka ƙara wata doka cewa duk wanda ya yi aure, a koma littafin da aka rubuta baftismarsa a sa alamar auren a gefen sunansa. Saboda haka a ƙasashen Turai mutum yakan bi kakanninsa shekara ɗari uku ko huɗu daga wannan littafi zuwa wancan.

Da 'yan mishan suka zo ƙasarmu sun zo da wannan al'ada. Mishan ɗin SUM, wanda aka kafa a 1904, reshensa na Afirka ta Kudu ya yi aiki tsakanin Mada da Eggon, kuma daga aikinsu ne cocin ERCC ta fito, mai hedkwata a Alushi. Ta wajen Katolika kuma, fadannin Jamus ne suka riƙe yankin Binuwai a shekarun 1930, har Ingila ta tsare su a 1940 saboda yaƙin Hitila, daga baya wasu suka maye gurbinsu. Ita Lafiya ba ta sami bishop nata ba sai da aka kafa dayosis ɗinta a watan Disamba na 2000, aka yanko wani ɓangare daga Makurɗi wani daga Jos, Matthew Ishaya Audu ya zama na farko. Wannan ya sa mai neman tsohuwar takarda ya kamata ya san wace babbar coci ce ke kula da ƙauyen a wancan zamani, domin ƙananan majami'u na ƙauyuka ba su riƙe littafi, sai fada ya zo rangadi ya rubuta ya koma da shi mazauninsa.

Abin da muka gani da idonmu

Bayan arba'in, mu uku daga kwamitin ƙungiya muka raka jikan marigayin zuwa wajen waɗancan baƙi. Gaskiya wasunmu sun yi ɗari-ɗari. Wani ma cewa ya yi, "Yanzu da girmanmu sai a gan mu a harabar coci?" Muka ce masa ai ba ibada za mu ba, tambaya za mu yi, kuma matambayi ba ya ɓata.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Bayan an nemi izinin fada, katikis ya fito da wani tsohon littafi mai baƙin bango, gara ta ci gefensa, tawadar ta koma ja. Kowane layi da gurabensa: sunan wanda aka yi wa baftisma, sunan ubansa, sunan uwarsa, ƙauyensu, wanda ya tsaya masa, sai sa hannun fada. Muka yi ta bi da yatsa har muka iske ƙanen Iya. An yi masa baftisma yana babba, an sa masa sunan Turawa, amma an rubuta na gida a gefe. Can ƙarshen layin kuma ga alamar aurensa, wadda ta kai mu ga littafi na biyu, inda muka sami sunan matarsa da iyayenta da shaidu biyu.

Ita Iya babu sunanta ko'ina, domin ba ta taɓa shiga coci ba, aurenta a zaure aka ɗaura shi. To amma sunan uba da na uwa da ke gaban ƙanenta su ne muka ɗauko muka kawo wa autar Iya, wata gyatuma da ke nan da ranta, ba tare da mun gaya mata abin da muka gani ba. Muka ce, "Goggo, ko Iya ta taɓa gaya miki sunan mahaifinta?" Ta yi shiru can, sai ta faɗe shi, ta faɗi na uwar, daidai da abin da ke rubuce, illa dai Bature ya karkata baƙaƙen yadda kunnensa ya ji. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce sadakin Iya da fam da sule aka biya, an haɗa da gishiri da turmin alawayyo, kuma an ɗaura auren ana tsakiyar yaƙin Hitila. Shekara da shekaru tana riƙe da wannan labari, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Iyakar littafin coci

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya je zai dawo da abin da ya je nema. Littafin coci na 'yan coci ne. Ba za ka ga auren kakanka Musulmi a ciki ba, sai dai ka bi ta gefe, ta wajen wa ko ƙane ko ƙanwar kakarka da suka zama Kirista. Na biyu, shekarun haihuwa da ke ciki yawanci kintace ne. Na uku, mutumin da ke da mata da yawa kafin ya shiga coci, mace ɗaya aka san shi da ita a littafi, sauran da 'ya'yansu sai ka ji su a baki. Na huɗu, wasu littattafan gara da ruwan sama da gobara sun gama da su. Sa'an nan littafin amana ce a hannun masu shi. Ba a zuwa da gadara, sai da sallama da ɗan rakiya daga cikin dangin, kuma in an ce ba za a ɗauki hoto ba sai a haƙura a kwafa da hannu.

Namu wuraren neman

Mu ma ba a ce ba mu da komai ba. Wuri na farko shi ne kotunan alƙalai. Aure ba ya zuwa gaban alƙali ran ɗaurinsa, amma yakan zo ran mutuwarsa, ko ran rabon gado, ko ran jayayya kan riƙon ɗa. A nan ne magatakarda ke rubuta wane ya auri wance 'yar wane, sadaki kaza, 'ya'ya kaza. Tun farkon mulkin Turawa ake ajiye irin waɗannan littattafai, da Larabci da farko, daga baya da boko, har zuwa lokacin da aka mai da kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960. Don a ga darajarsu, wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 ya buga su littafi guda a 1994, cike da sunayen talakawa da matansu da gidajensu.

Wuri na biyu shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa. Mai zuwa can ya riƙe cewa ƙasar nan ta sha sauya uwar ɗaki: tana Lardin Nasarawa har 1926, ta koma Lardin Binuwai, ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, Jihar Filato a 1976, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996. Wanda ya nemi Lafiyar zamanin En'e a ƙarƙashin sunan jiharmu ta yau zai dawo hannu rabbana.

Wuri na uku yana cikin ɗakunanmu: gafakar malam da bangon Alƙur'anin kaka. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar ɗa ko ta aure da ajami a bayan littafi. Kafin a zuba tsofaffin takardun mamaci a rijiya ko a ƙone su don girmamawa, a sami mai karanta ajami ya duba.

Wuri na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne tsofaffin mata. Ba su riƙe shekara da lamba ba, amma sun riƙe ta da abin da ya faru. In ta ce shekarar zuwan Sarauniya, 1956 ke nan. In ta ce bayan kashe Sardauna, an wuce Janairun 1966. Canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Littafin Baba ta Karo da aka buga a 1954 ai ba komai ba ne illa hirar wata tsohuwa Bahaushiya da aka zauna aka rubuta, ga shi har yau jami'o'in duniya suna karanta aure-aurenta da danginta.

Amfanin wannan wahala

Wani zai ce, to in an gano sai me? Na farko dai addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali uwar ba Musulma ba ce. Bambancin addini yana hana gado, amma ba ya yanke zumunci. Sa'an nan ta yaya za a kiyaye muharramai da 'yan'uwan shan nono in ba a san wa ya haifi wa ba?

Na biyu, zaman ƙasa. Sashe na 318 na Tsarin Mulkin 1999 ya bayyana cewa ɗan jiha shi ne wanda ɗaya daga iyayensa, ko ɗaya daga kakanninsa, ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar. Bai ce uba kaɗai ba. Mun sani a aikace masu ba da takarda sun fi bin ɓangaren uba, kuma ba mu ce wannan bincike zai buɗe kowace ƙofa ba. Amma wanda ya zo da sunan kakarsa da ƙauyenta da danginta a bayansa ba daidai yake da wanda ya zo da baki kawai ba. Sai dai muna gargaɗi: kada wani ya mai da wannan hanyar neman gona ko sarauta a gidan kawunnansa. Wanda ya shekara hamsin bai kai gaisuwa ba, in ya fara da neman fili ya ɓata rawarsa da tsalle.

Na uku, zaman lafiya. Mun ga abin da ya faru a kudancin jihar nan a 2001, mun ga na Alakyo a 2013 da abin da ya biyo baya. A irin waɗannan ranaku kowa yakan koma cikin ƙabilarsa, a manta cewa wanda ake kira baƙo ɗan 'yar'uwa ne, wanda ake kira arne kawu ne. Da wuya mutum ya ɗaga hannu kan gidan da ya san a nan aka haifi kakarsa.

Shawara ga ƙungiya

Muna roƙon shugabanni su sayi babban littafi mai kauri guda biyu. Ɗaya a ajiye wajen liman, duk auren da aka ɗaura a shigar da sunan ango da amarya, iyayensu maza da mata, garinsu na asali, waliyyi, shaidu, sadaki, da kwanan wata na Hijira da na Bature. Ɗayan kuma na tarihin gidaje ne: kowane gida ya tura ɗalibi ɗaya da takarda da biro, ko da wayar da ke ɗaukar murya, ya zauna gaban tsohuwar gidan kafin azumi mai zuwa. A tambaye ta da ladabi, in kunya ta hana ta faɗin suna a sa wata tsararta ta faɗa.

Shi dai wancan yaro, da aka yi ƙaramar salla shi ya kai wa dangin kakar ubansa tuwon salla da kansa, su kuma da Kirsimeti suka aiko da doya da kaji masu rai don mu yanka da hannunmu. Goggo kuwa yanzu kullum sai ta aiko a kira mata mai biro, wai ta tuno wani suna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu maza da mata, Ya ba mu ikon sada zumunci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.